Ajin AB ko ajin D: wanne ya dace da mai haɗa amfilifaya ta farko?

Ɗan'uwa, ga tambayarka kamar yadda na fahimce ta. Kana da sifiku biyu masu inci 8, kana da batirin sola mai bolt 12, wutar gari kuwa wani lokaci akwai wani lokaci babu. Kana son ka haɗa amfilifaya da hannunka don shago, kuma ba ka taɓa haɗawa ba. Wani ya ce ka nemi TDA7294 ko transisto 5200 da 1943 ka sa musu taransifoma, wani kuma ya ce ka sayi fanel ɗin TPA3116, wato allon amfilifaya da aka riga aka haɗa, ka huta. Duk su biyun ba su yi maka ƙarya ba. Abin da ba su tambaye ka ba shi ne da wace wuta za ka ciyar da abin, alhali a nan amsar take.

Shawarar mutum na farko, wato TDA2030, LM1875, LM3886, TDA7294 da transisto 2SC5200 da abokinsa 2SA1943, duk ajin AB ne. Ta na biyu, wato TPA3116D2 da ƙanensa PAM8403 da yayansa TPA3255, ajin D ne. Ajin AB yana aiki kamar famfon da aka riƙe a rabin buɗewa: wutar da sifika ba ta buƙata a wannan lokacin tana tsayawa a jikin transisto, ta koma zafi. Ajin D ba ya tsayawa a rabi. Transistocinsa ko dai a buɗe suke gaba ɗaya ko a rufe, a TPA3116D2 suna kunnawa suna kashewa sau dubu 400 zuwa sama da miliyan ɗaya a daƙiƙa guda, sannan kwayil da kapasita da ke bakin fita su tace wannan kunna-kashen, sauti kaɗai ya wuce zuwa sifika. Shi ya sa abin da ajin AB ke mayarwa sauti daga wutar da ya ci ba ya wuce kashi 78.5 cikin 100 ko a takarda, a zahiri ma da wuya ya kai 60, in kuwa ka rage murya sai ya faɗi ƙasa sosai. TPA3116D2 kuwa yana mayar da kusan kashi 90 na wutar da ya ci zuwa sauti.

To mu zo kan wuta, don a nan zan daɗe.

LM3886 da TDA7294 da transisto 5200 wuta mai ɓangare biyu suke so: fozitif, giraun a tsakiya, da negatif. Hanyar samunta ita ce taransifoma mai wayoyi uku a bakin fita, da dayod huɗu, da manyan kapasita biyu kamar 10,000µF mai bolt 50 kowanne. Lambar da aka rubuta a jikin taransifoma ba ita ce za ta isa aisi ba, wato ɗan baƙin guntu mai ƙafafu irin LM3886 da ke ƙara sautin. Ka ninka ta da 1.4, ka cire kamar bolt ɗaya na dayod. Taransifoma 20-0-20 za ta ba ka kusan 27 ko 28 kowane ɓangare, 25-0-25 kuma kusan 34 ko 35. Takardar kamfanin da ke yin LM3886 ta ce a bolt 28 kowane ɓangare yana ba da wat 68 a sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), wat 38 a mai om 8, in an ɗaga zuwa 35 kuma wat 50 a mai om 8. TDA7294 yana karɓar daga bolt 10 zuwa 40 kowane ɓangare, kuma wat 100 da ake kiransa da shi na ƙarshen ƙarfi ne, sauti ya riga ya fara fashewa. Mai tsabtarsa kusan 70 ne. Matsalar wannan tsari a wurinmu ita ce babu abin da ke daidaita wutar. In wutar gari ta zo da rauni, ƙarfin amfilifaya ya faɗi tare da ita. In janareta ya yi tsalle da kashi 10 cikin 100, wutar da ke kan aisi ma ta hau da kashi 10. Wannan ne ke kashe TDA2030 da yawa: iyakarsa bolt 18 ne kowane ɓangare, taransifoma 12-0-12 ta riga ta kai shi 16 da ɗoriya, sai mutum ya ga sauti bai ishe shi ba ya sa masa 15-0-15, wadda ke ba da sama da 20. TDA2030A mai harafin A a ƙarshe yana jure 22, LM1875 kuma yana jure 30, ga shi ƙafafunsa biyar a jere ɗaya suke da na TDA2030, kana iya cire wannan ka dasa wancan.

Yanzu ka tuna batirinka. Batir ɗaya mai bolt 12 ba zai ba ka fozitif 28 da negatif 28 ba. Sai dai ka bi ta inbata ka mayar da 12 zuwa 220, taransifoma ta sake sauko da ita, dayod su sake gyara ta, sannan ajin AB ya ƙone kusan rabin abin da ya rage. Kowane mataki yana cin nasa kason. Akwai hanyar amfilifayar mota, inda ake amfani da SG3525 ko TL494 da mosfet da ƙaramar taransifomar da mutum zai naɗa da kansa, amma wannan aiki ne na daban da ya fi haɗa amfilifayar kanta wuya, ba na mai farawa ba ne.

TPA3116D2 wuta mai ɓangare ɗaya yake ci, daga bolt 4.5 zuwa 26. Ka ɗora shi kai tsaye kan batirinka ya yi magana. In akwai wutar gari, tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 ta ishe shi, kuma irin wannan caja tana karɓar daga 100 zuwa 240, saboda haka raunin wuta ba ya damunta kamar yadda yake damun taransifoma. Sai dai kar masu talla su ruɗe ka. Akwai lissafin da ba ya canzawa: ka ninka bolt da kansa, ka raba da ninki biyu na om ɗin sifikarka, shi ne rufin da fanel irin wannan ba zai tsallake ba da sauti mai tsabta. A bolt 12, rufin wat 18 ne a om 4, wat 9 kacal a om 8. A bolt 19 ya zama 45 da 22. A bolt 24 ya zama 72 da 36. Abin da za ka ji a kunne sai ka cire kusan kashi ɗaya cikin biyar daga waɗannan. Wat 50 sau biyu da kamfanin Texas Instruments ya rubuta, a bolt 21 ne da sifika mai om 4, kuma an auna shi ne a inda gurɓatar sauti ta kai kashi 10 cikin 100. Fanel ɗin da aka buga wa wat 100 sau biyu, ko akwatin da aka rubuta wa PMPO 2000, wato ƙarfin talla na ƙiftawar ido, ka bar wa mai shi lissafinsa. Wannan hali ma ba yau aka fara ba: amfilifayar ajin D ta farko da aka sayar wa jama'a su haɗa da kansu, wadda kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar a 1964, sunanta X-10, kamar mai wat 10 ce, amma abin da take bayarwa bai wuce wat 2.5 ba.

Ba ka faɗi om nawa ne sifikunka ba, ga shi rabin amsar a nan take. In rubutun bayan maganaɗisun ya goge, sa mita a ma'aunin om ka taɓa ƙafafun biyu. Mai om 4 zai nuna maka 3 da ɗan wani abu, mai om 8 zai nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7. In masu om 8 ne, bolt 12 zai ba ka sautin ɗaki kawai, ba na shago mai hayaniyar titi ba. Maganinsa ƙaramin fanel mai ɗaga wuta daga 12 zuwa 22 ko 24. Amma ka sani amfiya da za a ja daga batir za ta ninka har ta ɗan wuce: wat 30 sau biyu zai ja sama da amfiya 6, don haka waya mai kauri da fis kusa da kan batir ba abin wasa ba ne. Ga kuma tarkon da masu sola mai bolt 24 ke faɗawa: batura biyu a jere in suna kan caji da rana suna kaiwa 28.8, wanda ya haye 26 da aka yarje wa TPA3116D2, ya kuma haye bolt 25 da ke rubuce a jikin kapasitocin fanel masu araha da yawa. Kai mai 12 ba ka da wannan damuwa, cajinka 14.4 ne iyaka.

Akwai aisi na ajin AB da ke aiki da bolt 12, irin su LA4440 da tsofaffin masu gyaran rediyo suka sani kamar yunwar cikinsu, da TDA7297, da TDA7388 na rediyon mota. Suna aiki lafiya, amma wancan rufin na wat 18 a om 4 ya hau kansu su ma, ga zafi, ga cin batir. Ban ga ribar da za ka samu ba.

Maganar zafi. LM3886 guda ɗaya a bolt 28 da sifika mai om 4 yana iya zubar da wat 40 na zafi, kuma abin mamaki ba a ƙarshen murya yake kai wannan ba, sai wajen kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa. Sitiriyo aisi biyu ke nan, wat 80 a cikin akwati. Zane-zanen da za ka gani galibi an lissafa hitsink ɗinsu ne, wato ƙarfe mai fikafikai da ke kwashe zafi, da ɗaki mai digiri 25. Shago mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu yana wuce 40, kafin ma ka kunna komai. Saboda haka duk girman hitsink da zane ya ce, ka ƙara masa, ka jera fikafikansa a tsaye don iska ta hau, in da hali ka sa ƙaramar fanka, ka kuma riƙa kaɗe ƙurar hunturu da ke toshe tsakanin fikafikan. TPA3116D2 a wat 50 zafinsa bai fi wat 5 ko 6 ba, ɗan hitsink ɗin da ya zo da shi ya wadatar in iska na shiga.

Wanne ya fi daɗin sauti? A nan ne ake musu, ni kuwa ga ra'ayina. LM3886 na gaske da aka haɗa da kyau ya fi fanel ɗin TPA3116 mai araha tsabta, musamman a siraran muryoyi. Ba raina aisi za a yi ba: a 1999 wani kamfanin Japan mai suna 47 Laboratory ya fitar da amfilifaya mai suna Gaincard a kan dubban daloli, da aka buɗe cikinta sai ga LM3875, ɗan gidan su LM3886, da 'yan kayayyaki ƙalilan. Daga nan masu haɗawa a gida suka yi ta kwaikwayonta. Amma a sifika mai inci 8 cikin akwatin katako a shago, da waƙar da ta fito daga waya ta Bluetooth, wannan bambancin ba zai iso kunnenka ba. Abin da zai iso shi ne surutun da kowanne ke yi in an yi sakaci. Na ajin AB gurnani ne mai kauri, "huuum", daga wutar gari. Maganinsa a tara duk wayoyin giraun a wuri ɗaya kusa da manyan kapasita, a nisanta wayar shigar sauti daga taransifoma. Na ajin D kuwa "sssss" ne ko siririn fito. TPA3116D2 yana da matakan ƙarin murya huɗu, 20, 26, 32 da 36 dB, masu fanel da yawa suna barin shi a na sama don a ji kamar yana da ƙarfi, shi ke kawo hucin. Rizisto biyu ne ke zaɓar matakin, mai hannu yana iya sauko da shi zuwa 26. Fiton kuwa yawanci daga fanel ɗin Bluetooth ne in ya ci wuta ɗaya da amfilifayar, sai a raba musu wuta. Wani abu kuma: in akwai dattijo a gidan da ke sauraron labarai a gajeren zango ko matsakaicin zango, ajin D da cajar laftof suna iya cika masa rediyo da ƙara. Ka gajarta wayoyin sifika, ka murɗa su biyu-biyu, ka sa fanel ɗin cikin akwatin ƙarfe, ka zaɓi wanda ke da manyan kwayil huɗu a bakin fita.

Wajen haɗawa da gyara, ajin AB ne ke da gaba nesa ba kusa ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa ban ce ka watsar da shi ba. TDA2030 ko LM1875 ƙafa biyar ne, da rizisto da kapasita da ba su wuce goma sha ba, a kan berobod, wato allo mai hudoji na dasa kayan lantarki, za ka jera su da ƙarfen dalma na yau da kullum. In ya ƙi magana, mita za ta nuna maka inda wuta ta tsaya, ka koyi abin da kowane abu ke yi. In aisi ya ƙone ka cire ka sa wani. TPA3116D2 ƙafa 32 ne sirara, 16 kowane gefe, ba a dasa shi a berobod. Fanel ɗin a haɗe za ka saya, aikinka waya da akwati da makunni. In ya mutu, galibi sai dai a sayi wani. Wanda ya yi haka ya samu amfilifaya, amma bai koyi amfilifaya ba.

Kowanne kuma yana da kuskuren da ke kashe shi nan take. A ajin D irin TPA3116D2, baƙar wayar sifika ba giraun ba ce. Duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta, don haka in ka haɗa baƙar hagu da baƙar dama wuri ɗaya kamar yadda aka saba a tsofaffin rediyo, ko ka bar ɗaya ta taɓa akwatin ƙarfe, ko dai kariya ta yanke sauti ko aisi ya tafi. Wayoyi huɗu, kowace ita kaɗai. A ajin AB kuwa, ƙarfen bayan TDA2030 da TDA7294 da LM3886T a haɗe yake da negatif ɗin wuta. In ka ɗaure shi a hitsink ba maika, wato siririn fallen da ke barin zafi ya wuce ya tare wuta, hitsink kuma ya taɓa akwati, ka yi shot, wato ka haɗe negatif da giraun kai tsaye. Sai ka sa maika da farin man zafi da ɗan robar noti, ka auna da mita ka tabbata babu haɗi, ko ka nemi LM3886TF wanda bayansa a rufe yake da roba. Shi LM3886 yana da wata ɗabi'a da ke sa masu farawa su ce aisi ya mutu: ƙafarsa ta 8 sai an ja mata aƙalla rabin miliamfiya zuwa negatif ta cikin rizisto, in ba haka ba shiru zai yi. TDA7294 ma ƙafarsa ta 9 da ta 10 sai sun samu wuta kafin ya buɗe baki.

Transisto 5200 da 1943 kuwa, ka ajiye su sai aikinka na uku. Kaya ne masu kyau na Toshiba, bolt 230, amfiya 15, wat 150, su ne ke cikin manyan amfilifayoyin biki da na wa'azi. Amma ba su da kariyar da aisi ke da ita a cikinsa. Kai ne za ka saita bayas, wato 'yar wutar da transisto ke ja ko babu sauti, kana auna 'yan milibolt a kan rizisto 0.22 masu wat 5, kai ne za ka manna ƙaramin transiston da ke lura da zafi a jikin hitsink, in ka manta zafi ya jawo ƙarin wuta, wuta ta jawo ƙarin zafi har su fashe. In ɗaya ya yi shot, duk wutar taransifoma sifika za ta nufa, kwayil ɗinta ya ƙone kafin ka kai hannu kan makunni. Shi ya sa ba a haɗa irin wannan ba tare da fanel ɗin kariya mai rile (makunnin da ke yanke sifika da kansa) ba, irin mai uPC1237.

Jabu kuma ya shiga ɓangarorin biyu, ko a kasuwa ka saya ko oda ka yi daga waje. Araha ba ta ado. In ka fasa 5200 na jabu da filaya za ka ga ƙwayar silikon ɗin ciki 'yar mitsitsiya ce, wani lokacin an shafe ta da farin roba, ga farantin bayan siriri mara nauyi. A bolt 25 zai yi waƙa, a 45 ya tashi. Rubutun da ke gogewa da ɗan yatsa da jiƙaƙƙen tsumma alama ce mara kyau. A fanel ɗin ajin D kuwa, ka leƙa ƙarƙashin hitsink ka ƙirga ƙafafu. In ka ga 8 kowane gefe maimakon 16, wani aisi ne aka sa, ba TPA3116D2 ba, ko me aka rubuta a leda.

In ka tashi kunna duk abin da ke da taransifoma karon farko, kar ka sa sifika. Ka sa ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da wayar wutar gari kafin taransifoma. Ƙwan LED ba ya wannan aikin. In komai daidai ne ƙwan zai yi haske na ƙiftawar ido lokacin da kapasita ke cika, sannan ya dushe ya koma ja-ja ko ya mutu. In ya tsaya da haske sosai akwai shot, ƙwan ya shanye wutar, kayanka sun tsira. Daga nan ka sa mita a DC ka auna bakin fita: ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ka ga bolt ɗaya ko fiye kar sifika ta kusanci wurin. Bayan ka kashe, manyan kapasita suna riƙe wuta. Ka sauke ta da rizisto kamar 1k mai wat 5, ba da sukudireba ba. Ɓangaren 220 kuma a rufe shi da kyau, a sa fis, in akwatin ƙarfe ne a haɗa shi da wayar ƙasa.

Da ni ne a shagonka, ɗan'uwa, fanel ɗin TPA3116D2 zan sa don aikin yau da kullum: batir kai tsaye in sifikun masu om 4 ne, mai ɗaga wuta zuwa 22 in masu om 8 ne, cajar laftof mai bolt 19 da amfiya 4.74 in wuta ta zo, da fis mai amfiya 10 a kan batir. Sannan a gefe, da sauran canjin, in sayi LM1875 ko TDA2030A guda biyu da taransifoma 12-0-12 mai amfiya 3 in haɗa a berobod da daddare, in ya ƙone asarar kaɗan ce. Ranar da wannan ya yi waƙa ba gurnani, LM3886 da 20-0-20 ne mataki na gaba. Ka auna sifikun nan ka turo abin da mita ta nuna, da abin da aka rubuta a jikin batirin, sai mu lissafa awa nawa zai ɗauke ka.